Buntun Bayan Inji

A bayan injin Alhaji Sabitu, nan Kura,
akwai wani tudu da ba ƙasa ta haife shi ba.
Buntun shinkafa ne, bara a kan bara waccan,
yana cin wuta ta ciki, ba harshe, sai hayaƙi.
Shi yana tari, unguwa tana amsa masa.

Lokacin ni ake biya in kwashe.
Ɗari biyu kowace amalanke,
in tura bakin kwari in juye,
in dawo ido ja, wuya yana ƙaiƙayi,
matata ta ce in tsaya a zaure in kakkaɓe tukuna.

Ƙanwata Hansatu ce ta ɓata mini sana'a.
Ta huda tsohon duro da ƙusa,
ta ƙona buntu a ciki har ya yi baƙi bai zama toka ba,
ta kwaɓa shi da ruwan rogo,
ta danna a gwangwanin tumatir da ƙasan muciya,
ta jera a kan kwano kamar mai shanyar daddawa.
Na yi dariya har na riƙe ciki.
Kwana uku, aka dafa mini wake da shi,
waken da ke cinye damin itace.
Na ci, ban ce komai ba.

Yanzu masu turara shinkafa su ne ke layi.
Da rigar shinkafar bara suke dafa ta bana,
ta bana kuma ta tuɓe tata a inji ta bar mana.
Ɗanyen buntu, Ɗan'azumi ke shimfiɗa wa kajinsa,
mako shida in je in kwaso shi da nauyi da wari,
in kai wa Tabawa fangalin albasarta.
Ba ta ba ni kuɗi, sai an cire.
Dusa ta tafi wa tarwaɗa,
ruwan tarwaɗa, koren nan mai ƙarni,
shi alayyafo yake sha ya yi faɗi kamar tafin hannu.
Hansatu na da littafi mai bangon shuɗi,
ta ce a cikinsa babu shafin da ake rubuta shara.

To, ai kunne ba na mutum ɗaya ba ne.
Alhaji ya ji, ya zagaye tudun da waya,
ya kawo sikeli, ya zaunar da yaro mai biro.
Amalanken da ake biya na in tura,
yau ni nake lale kuɗi kafin ta shiga.
Ban yi fushi ba sosai. Kasuwa ce.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro
Iya Kande ce mai waina.
Shekara ashirin tana ɗiban buntu kyauta,
ba wanda ya taɓa tambayar ta na waye.
Ran Laraba na gan ta bakin wayar,
buhu a naɗe a hammata,
tana kallon sikeli kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Mu muka yi wa juji daraja,
daraja ta kore ta daga juji.

Na cika mata buhun da gawayinmu,
na ce kada Hansatu ta ji.
Hansatu ta ji. Ta ƙirga, ta ga giɓi,
ta buɗe shafi ta rubuta sunan tsohuwa,
ta bar gaban sunan fari.
Mun kwana biyu ba ma gaisawa da kyau.

Da asubar Asabar aka buga ƙofa.
Iya Kande ce, da tsohuwar fanteka a ka,
cike da tokar murhunta, ta tankaɗe ta tas,
da waina huɗu a ganye a samanta.
Ta ce, an ce albasa na son wannan.

Hansatu ta dubi tokar, ta sa yatsa, da ɗumi.
Ta lashi bakin fensir,
a gaban sunan ta rubuta: an biya.
Wainar kuma biyu ta ci, ta bar mini biyu.